Motar da Ba Ta Harbi Kowa Ba

A Olomouc, bayan tashar tarago,
akwai wani shago da faɗinsa bai fi taku huɗu ba.
Na shiga da dusar ƙanƙara a kafaɗa.
Jarmila ta ɗago kai daga lissafi:
"Radomir, yau ma kallo ne, ko ka zo da kuɗi?"

Kwalaye tun daga ƙasa har rufi,
an yanka yaƙi ƙanana an jera a kanta.
Wani yaro ya rungume tanka a ƙirji
yana gwada wa uwarsa tsawon igwa.
Ban ga laifinsa ba.
Ni ma na yi shekarun da ƙara ce kawai ke burge ni.

Kantar ƙasa nake nufa,
wadda sai ka durƙusa, gwiwa tana maka tsiya.
Nan manyan motoci suke masu rufin tampol,
da jif mara ƙofa,
da babur mai kwando a gefe,
da motar asibiti da ƙura ta rufe kwalinta,
waɗanda suka je yaƙi suka dawo
ba su harbi kowa ba.

Hoton yana aljihuna.
Babana ne, hula a karkace, ya dafa ƙofar mota.
Mai hoton mutum ya nufa, ba ƙarfe ba,
sai ya yanke motar:
rabin ƙofa, madubi, kafaɗar taya,
da wata lotsawa kamar an kai mata naushi.
Fulawa nake kaiwa, in ji shi.
To da dawowa fa, Baba?
Nan yake tashi ya je duba murhu.

Wannan ɗaya bisa saba'in da biyu ce,
ta zauna a tafin hannu, ga araha,
amma sitiyarinta bai kai maɓallin riga ba,
ni kuwa hantsaki rawa yake yi a yatsuna
ko da tabarau biyu a hanci.
Waccan ɗaya bisa talatin da biyar,
gutsure ɗari uku da 'yan kai.
Injin ma sai ka haɗa shi, har da fanka,
sannan ka rufe, ba mai sake ganinsa.

"Tayoyinta na roba ne," in ji Jarmila,
"bayan shekara goma sukan tsage."
Na yi dariya har da tari.
Shekara goma! Bashi take ba ni.

Na ɗora hoton a kan kwali, ɗaya bayan ɗaya.
Wannan madubinta zagaye ne, na Baba mai kusurwa.
Waccan hannun ƙofarta ya yi sama da yawa.
Ta uku ta yi kusa,
kusa ƙwarai, har na riƙe numfashi,
amma kama da wane ba wane ba ce,
kuma wanda zan tambaya
ya shekara talatin a ƙarƙashin ciyawa.

Ita na ɗauka duk da haka.
Da gam, da fenti kore mai duhu,
da buroshi mai gashi kamar gira.
Jarmila ta buɗe kwalin don in gani:
ga direba a ciki, ɗan mitsitsi, hannuwa a miƙe,
fuska sumul, ba ta kowa ba.
Shi aljihun tebur zan sa shi.
Kujerar a bar ta haka, ƙofa a buɗe.

A tarago kwalin yana kaɗawa bisa cinyata
kamar haƙora cikin sanyi.
Na riga na san abin da zan fara yi:
in ɗumama bayan cokali a kan kyandir,
in danna ƙofar sannu, sannu,
har lotsawar ta fito.

Sai buhuna, farare, har bakin tampol.
Tawa motar kullum zuwa take yi.
Ba zan gina dawowa ba.